Tun Da Fadila Ta Rasu, Karatu Ya Daina Zama a Kaina

Assalamu alaikum Anti Zuwaira. Ina gajiya, ya aiki, ya mutanen gida? Allah ya ƙara maki lafiya da haƙurin sauraron matsalolin mutane. Don Allah ki taimake ni. Ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi tsawo, don ban san inda zan yanke ba, kuma ban san wanda zan gaya ma ba in ba ke ba. Ki sakaya sunana.

Ni ɗaliba ce, ina shekarar farko a wata makarantar koyon aikin jinya a nan Katsina. Gidanmu yana Ƙofar Kwaya. Babana yana sayar da atamfa da shadda a Babbar Kasuwa. Matsalata in an faɗe ta a gajarce kamar ba wani abu ba ce: ina karatu, ba ya zama. Sai in zauna da littafi tun bayan la'asar har a kira magariba, in karanta shafi, in maimaita, in rufe, in tarar babu abin da ya rage. Ba wai hankalina yana tafiya wani wuri ba ne. Da ma a ce tunani nake yi, da na san abin da ke damuna. Kan ne kawai fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kayan ciki aka share.

Abin da ya sa na ce ki daure, ni ce wadda ake ce ma Kwamfuta a sakandare. Har malamai haka suke kirana. Sai na koma baya kaɗan kafin ki gane yadda aka yi.

Muna aji ɗaya na babbar sakandare aka kawo mamu wani malamin Bayoloji, Malam Gwadabe, ɗan gajere mai yawan dariya. Shi ya zo mamu da wani wasa. Duk ranar Alhamis a darasin ƙarshe sai ya raba aji biyu, ɓangaren taga da ɓangaren ƙofa. Ya ajiye ma kowane ɓangare gwangwanin madara da cokali a kan teburin gaba. Sai ya jefo tambaya daga abin da aka koya a makon, wadda ta riga buga gwangwani ita ke amsawa. In ta ci, ya ja ma ɓangarenta layi da alli a allo. In ta faɗi, tambaya ta koma wancan ɓangaren. Waɗanda aka cinye su ke sharar aji. Shi ke nan, babu kyauta babu komai. Amma Anti, da kin ga yadda muke yi, sai ki rantse mota aka ajiye ma wadda ta ci.

Ni ce shugabar ɓangaren taga. Shugabar ɓangaren ƙofa kuwa Fadila ce. Daga Batagarawa take zuwa kullum, kuma da yake hanyarta ta Ƙofar Kwaya ta biyo, sai mai Keke Napep ɗin da ke kawo ta ya riƙa tsayawa bakin titi in shiga mu ƙarasa tare. Siririya ce, tana da sikila. Ba ta da hayaniya ko kaɗan, in ba ki sani ba sai ki ce ba ta cikin ajin. Amma hannunta a kan cokalin nan, kafin Malam ya rufe baki ta buga. In ta ci ni ba ta ihu kamar sauran, sai dai ta juyo a hankali ta dube ni ta ɗaga gira ɗaya. Wannan girar ta fi mari ciwo a wurina.

Saboda girar nan na koyi karatu. In na buɗe littafi a gida, hannun Fadila nake gani a kan cokali. Kowane layi sai na juya shi ya zama tambaya, in ce wannan Malam zai iya jefo shi, in rufe littafin in amsa da ƙarfi. Mama takan leƙo ta ce wai ko aljanu nake koya ma darasi. Ina shara ina jero sunayen ƙasusuwan hannu, ina dama fura ina bin hanyar da jini ke bi a zuciya. Da safe a cikin Keke ko gaisuwar kirki ba mu yi, daga ina kwana sai ta jefo mani tambaya in jefa mata, har mai Keken ya ce in muka ƙara shekara ɗaya a bayansa shi ma kemis zai buɗe.

Ban san ko in kira ta ƙawata ba ko abokiyar hamayyata. Ba mu taɓa zama mun yi hirar ɗinki ko ta biki ba. Ban san kalar da take so ba. Ban taɓa zuwa gidansu ba tana da rai. Abin da na sani, in ciwonta ya tashi aka kwantar da ita, Alhamis ɗin makon ba ta da daɗi. Nakan cinye ɓangaren ƙofa ba tare da na yi gumi ba, kuma a irin waɗannan makonnin ko littafin ba na buɗewa sosai. In ta dawo, ta rame, leɓunanta sun bushe, abin da za ta fara ce mani shi ne kada in saki jiki, a gadon asibiti ma ta yi karatu.

Ba kowa ke son wasan ba, wannan gaskiya ce. Akwai 'yan baya waɗanda tun da aka fara har muka gama ba su taɓa riƙe cokalin ba, nasu shara ce kawai in an cinye mu. Wata Rakiya a ɓangarena ta taɓa bugawa sau ɗaya, ta faɗi, aji ya yi mata dariya, daga ranar duk Alhamis sai ta ce kanta na ciwo. A lokacin ban damu ba. Ni dai in ga layukan taga sun fi na ƙofa yawa.

Da muka kai aji uku aka haɗa mu ni da Fadila muka wakilci makaranta a gasar kacici-kacici ta makarantun 'yan mata. Karon farko ke nan da muka zauna ɓangare ɗaya. Muka ciyo kofi. Hoton da aka ɗauke mu ranar yana nan rataye a shagon Baba, sama da inda yake jera shaddodi. Bayan nan muka rubuta jarrabawar fita da ta neman gurbi, muka samu makaranta ɗaya, sashe ɗaya. Ta ɗara ni da maki kaɗan. Ta kira ni a waya tana dariya, ta ce in shirya, can babu Malam Gwadabe amma ita tana nan.

Saura 'yan makonni mu fara zuwa sabuwar makarantar sai ciwonta ya tashi. Wannan karon bai sake ta ba. Da hantsi yayanta ya kira wayar Mama, ina tsakar gida ina wanke-wanke. Mama ta yi salati, ta zo ta tsaya a kaina ta gaya mani. Na ce Allah ya jiƙanta. Na ƙarasa wanke-wanken, na kife kwanonin, na share wurin.

Mun je gaisuwa Batagarawa ni da Mama. Mahaifiyarta, Inna Hajo, da aka gaya mata ko ni wace ce sai ta riƙe hannuna da hannuwanta biyu. Ta ce ashe ni ce mai tagar. Ta ce duk Alhamis Fadila ta dawo sai ta ba ta labarina, kuma ranar da na ci ta ba ta taɓa abinci sai ta nemo amsar da ta kuɓuce mata. Mata suna ta kuka, har Mama da ba ta san Fadila sosai ba. Ni kuwa ina kallon wata tabarma da bakinta ya fara zarewa, ina tunanin ya kamata a ɗinke ta kafin ta lalace. Har muka fito ban yi hawaye ba. Har yau ban yi ba.

Na fara makaranta. Ina zuwa kullum, ba na fashi, ina zama a gaba, ina rubuta duk abin da malami ya faɗa. Da sakamakon zangon farko ya fito na faɗi darussa biyu, ɗaya ma na sassan jikin ɗan Adam ne, abin da nake jerowa ina shara. Na tsaya gaban allon sanarwa na ga lambata, na ga abin da ke gabanta, na tafi na sayi awara na ci. Ba ta yi mani ɗanɗano ba, amma dama yanzu babu abin da ke yi.

Abin da ke ɗaure mani kai shi ne, duk abin da muka yi a wasan Alhamis yana nan daram. Tambayar da Fadila ta ci ni a kan aikin ƙoda, zan iya gaya maki amsarta yanzu, in gaya maki inda rana ta faɗo a jikin allo a lokacin, da wadda ta yi tari a baya. Amma laccar da aka yi mamu shekaranjiya, ko taken ban riƙe ba. A ɗakin jarrabawa na ga tambayoyin, na san na karanta su, na ma tuna gefen shafin da suke, amma shafin fari ne. Ban firgita ba, ban yi gumi ba. Na zauna ina kallon fanka har aka ce a ajiye biro.

Na gwada abubuwa. Na sauke wani wasan tambayoyi a waya, irin wanda ake haɗa ki da wani can wata ƙasa ku yi tsere. Ina cin su. Waya ta yi ƙara, taurari su watsu a fuskarta, ni ko a jikina, kuma in na ajiye ta ba na tuna ko tambaya ɗaya. Akwai wata Bilkisu a ajinmu, ita ke kan gaba yanzu, yarinya mai kirki. Ta ji labarina wurin wasu 'yan makarantarmu ta dā, ta zo da kanta ta ce mu riƙa karatu tare. Na je sau ɗaya. Tana ta bayani, ni ina kallon bakinta. Na so a ce na ji haushin yadda ta fi ni, ko kishi ya taso mani, ko wani abu dai. Shiru.

Yayana Sagir ne kaɗai ya san sakamakon a gidanmu. Shi malamin firamare ne. Ya ce dama shi tun can bai yarda da wasan gwangwanin nan ba. Ya ce ba ilimi aka koya mamu ba, tsere aka koya mamu, an saba mani da tafi, yanzu da babu mai tafawa sai na zauna. Ya ce in cire wasa a raina in yi karatu irin na manya. Ban yi mashi musu ba. Wataƙila gaskiyarsa ce. Wataƙila dama ban taɓa sanin komai ba, Fadila kawai nake so in riga.

Baba bai sani ba. Likita yake kirana. In na biya shago ranar Asabar sai ya nuna ma masu sayayya hoton, ya nuna ni, ya ce ga ta nan, ita za ta riƙa duba mu in mun tsufa. Ya tambaye ni ya karatu, in ce lafiya lau. Ko kunya ba na ji in na faɗa. Da baki nake cewa abin na ba ni tsoro, amma tsoron ma ba na jin sa a ƙirjina.

Barci nake yi da yawa, in tashi a gajiye. A salla sai in rasa a raka'a ta nawa nake. Ban taɓa tunanin cutar da kaina ba, kada ki damu ta nan. Kawai dai komai ya yi nisa ne, kamar ina kallon mutane ta bayan gilashi.

Kwanaki na haɗu da Malam Gwadabe a kasuwa. Ya yi ta murna, ya ce har yanzu ana wasan, in zo wata Alhamis in jefa ma ƙannenmu tambayoyi su ga Kwamfuta da idonsu. Na ce to. Inna Hajo ma ta aiko mai Keken nan ya gaya mani tana son ganina, ko ba daɗewa zan yi ba. Na ce to. Ban je ko ɗaya ba.

Yanzu jarrabawar zango na biyu ta matso. Shugabar sashenmu ta kira ni ofis, ta ce in na sake faɗuwa dokar makaranta ba za ta bar ni in ci gaba ba. Ta tambaye ni ko akwai abin da ke damuna, na ce babu.

Anti, shin wasan nan ne ya lalata mani kai kamar yadda Yaya Sagir ya ce? Mutum zai iya koyon karatu ba tare da wanda zai riga ba? Ko in haƙura in bar makarantar tun kafin a kore ni, in ce ma Baba na fasa? Ki gaya mani abin da zan yi, ko mene ne, don ni yanzu duk abin da aka ce mani to nake cewa.

Taki,
Mai Ɓangaren Taga, Ƙofar Kwaya, Katsina.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, na sake komawa farko ina neman abu ɗaya ban samu ba: inda wani ya yi miki ta'aziyya. Kin je kin yi wa mahaifiyar Fadila, ke kuma aka ɗauka rakiya kika yi. To ni ina yi miki. Allah ya jiƙan Fadila, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya ba ki haƙurin rashinta.

Kin ce ba ki san ko ƙawarki ba ce. Ƙawarki ce. Yarinyar da kuka shiga Keke ɗaya shekara da shekaru, wadda take karatu a gadon asibiti don kada ta dawo ta same ki kin wuce ta, wadda mahaifiyarta ta san ki tun ba ta gan ki ba, ba sai kun yi hirar ɗinki za ta zama aminiya ba. Kun yi abotarku da yaren da kuka iya, yaren tambaya da amsa. Rashi kika yi, babba. Kuma ba kowane mai rashi ne ke kuka ba. Wani sandarewa yake yi, ya ci abinci bai ji ɗanɗano ba, ya yi barci bai huta ba, ya karanta shafi bai riƙe ba. Kan da ke ɗauke da irin wannan nauyi ba ya karɓar sabon kaya da sauƙi. Saboda haka ki daina cewa kanki ya lalace. Ga shaida a wasiƙarki: tsohon karatu yana nan daram, sabo ne ya ƙi shiga, kuma kin san daga lokacin da ya fara ƙi.

Yanzu maganar yayanki. Yana da gaskiya, amma rabi. Gasa tana da illa, ke ma kin gani da idonki. Tana ɗaga masu sauri ta bar masu nawa a baya, kamar yadda ta yi wa Rakiya, wadda kuskure ɗaya ya sa ta rufe baki har kuka gama. Tana kuma iya sa ɗalibi ya ɗaura duk ƙwazonsa a kan mutum ɗaya ko a kan tafi, ranar da aka rasa su sai ya rasa dalilin buɗe littafi. Kin faɗa da bakinki cewa makon da Fadila ke asibiti ba kya karatu. Wannan rauni ne, kuma yana bukatar gyara.

Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa ba ilimi kika samu ba. Ki duba abin da kike yi a gida a wancan lokacin. Kina mayar da kowane layi tambaya, ki rufe littafi, ki ciro amsar daga kanki, ki faɗe ta da ƙarfi, ki maimaita gobe kina shara. Masu nazarin koyarwa sun daɗe suna cewa abin da mutum ya wahala ya ciro daga kansa ya fi zama a kan abin da ya yi ta bi da ido. Wasan Malam Gwadabe ya tilasta miki yin haka duk mako, cikin raha, tare da mutumin da kika damu da shi. Shi ya sa ya zauna. Yanzu fa? Kina karanta shafi, ki maimaita, ki rufe, ke kaɗai, babu mai tambayarki. Kin rasa Fadila, kin kuma ajiye hanyar karatun da ta yi miki aiki, duk a lokaci ɗaya. Ta farko ba ta dawowa. Ta biyu tana hannunki.

Ba na ba ki shawarar barin makaranta. Wanda komai ya yi masa nisa bai kamata ya yanke hukuncin da zai bi shi har tsufa ba. Ga abin da nake so ki yi maimakon haka.

Ki koma ofishin shugabar sashenku a makon nan. Ta tambaye ki ko akwai abin da ke damunki kika ce babu, alhali akwai. Ki gaya mata kin yi rashi dab da fara karatu, kuma tun lokacin ba ki dawo daidai ba. In bakinki ya ƙi, ki miƙa mata wannan shafin ta karanta. Ki tambaye ta abin da dokar makaranta ta tanada ga mai irin halinki, ko ɗage zango ne ko wani sassauci. Ban san dokarsu ba, ba zan yi miki alkawarin abin da za ta ce ba. Amma matar da ta kira ki ta tambaya kafin ta yanke hukunci, da alama so take ta taimaka.

Ki ga likita. Yawan barci, rashin ɗanɗano, jin kamar kina bayan gilashi, in sun daɗe haka ba a zuba musu ido. Ke mai koyon jinya ce, da wata ce ta zo miki da waɗannan alamomin ba za ki ce ta je ta ƙara ƙoƙari ba. Na ji daɗi da kika ce ba kya tunanin cutar da kanki. In hakan ya taɓa canzawa, ko sau ɗaya, ki gaya wa Mama nan take, kada ki jira.

Ki koma wurin Bilkisu, amma ki canza tsarin. Kada ta yi miki bayani kina kallon bakinta. Ku rufe littafi, ta tambaye ki, ki tambaye ta. Babu maki, babu wadda ta riga, babu shara. In kin rasa amsa ku buɗe ku duba, gobe ta sake jefo miki ita. Ku fara da ɗan kaɗan, ku tashi tun ba ki gaji ba. Kuma ku riƙa haɗawa da tambayar me ya sa, domin a bakin gadon mara lafiya babu wanda zai duba wadda ta riga amsawa, fahimta ake nema. Ba ina cewa Bilkisu ta maye gurbin Fadila ba, kada ma ki nemi hakan a wurinta. Ki bar ta ta zama Bilkisu. Wasan waya kuwa ki goge shi. Sauri kawai ya ɗauko daga wasanku na dā, ya bar duk abin da ya sa naku ya yi amfani.

Gayyatar Malam Gwadabe ta jira sai bayan jarrabawa. In kin je, ki ba shi labarin Rakiya cikin ladabi. Malamin da ya iya ƙirƙiro wannan wasan zai iya gyara shi: ya riƙa ba da lokacin tunani kafin a buga, ya riƙa cakuɗa ɓangarorin, ya sa cokali ya zagaya har baya, ya hana dariya in an faɗi. Ke ce kika fi kowa cancantar gaya masa, domin ba za a ce haushin faɗuwa ne ya sa ki magana ba.

Kiran Inna Hajo kuwa ba ya jira. Ki je, ki tafi da Mama in kina so. Ba sai kin shirya abin faɗa ba, ba kuma sai kin yi kuka ba. Ita tana da rabin labarin 'yarta, na gida. Ke kina da ɗaya rabin, na aji da na hanya, wanda babu mai iya ba ta sai ke. Ki ba ta. Ki tambaye ta abubuwan da ba ki sani ba game da Fadila, za ta so a tambaye ta.

Saura Baba. Na san shi ne mai wuya. Amma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga makaranta. Ki fara da Mama, ku same shi tare a gida, ba a shago ba, bayan ya ci abinci ya huta. Zai ji zafi, wataƙila ya yi shiru, wataƙila ya yi faɗa. Ki bar shi ya yi. Mutumin da ke nuna ki ga duk wanda ya shigo shagonsa, ke yake so kafin sakamakonki, ko da shi kansa bai taɓa zama ya rarrabe su ba. Yayanki ma ki nuna masa wannan amsar. Ya riƙe miki sirri, ya faɗi abin da ya gani, yanzu ki ce masa abin da kike bukata a wurinsa shi ne ya zauna kusa da ke ranar da za ki yi wa Baba magana.

Kin ce duk abin da aka ce miki to kike cewa. Ban yarda ki ce mini to ba. Ki zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, mafi sauƙi a gare ki, ki yi shi yau kafin rana ta faɗi. Gobe ki ɗauki na biyu. Ba na yi miki alkawarin za ki dawo yadda kike a dā, wataƙila ma ba za ki sake zama ta ɗaya a aji ba. Marasa lafiyar da za ki riƙe nan gaba ba za su tambaye ki ta nawa kika zo ba. Za su so hannun da ya san aikinsa, da zuciyar da ta san abin da rashi yake, kuma kina kan hanyar samun duka biyun.

Allah ya buɗe miki ƙirji, ya dawo miki da ɗanɗanon abinci da na karatu, ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sanyaya zuciyar iyayenki da ta Inna Hajo. Ina yi miki fatan alheri, 'yata.

Anti Zuwaira